MATA DA RIƘON HARKAR WASANNI: ƘOFAR DA KE BUƊE GA 'YAN MATAN ZURU

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san ƙasar 'yan kokawa ce. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai Dakarkari su yi bikinsu na Uhola don godiya bisa abin da aka samu, a yi kaɗe-kaɗe da raye-raye, samari su fito fage su gwada ƙarfi. Mai kallo ba ya ganin kowa sai mutum biyun da suka kama juna, da makaɗa, da taron jama'a. Amma kafin mutum biyun nan su tsaya a fage, akwai wanda ya sa rana, akwai wanda ya aika wa ƙauyuka, akwai wanda ya gyara fili, da wanda ya tanadi masauki da abinci, da wanda zai raba gardama in an yi kayen da bai fito sarai ba. Aikin waɗannan mutane shi mu ke kira riƙon harkar wasanni, kuma a zamanin nan ya zama sana'a sosai, ana karatunta, ana cin abinci da ita.

Abin da mu ke so mu nuna wa masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, shi ne sana'ar nan ta alƙalami ce da lissafi da amana, mata sun shige ta sun yi fice a ƙasashe da dama, kuma a nan Arewa akwai wani sashe nata wanda ba mai iya riƙe shi sai mace.

Aikin Da Ba A Gani

Duk wanda ya taɓa zama ofis, tun zamanin En'e har zuwa ƙananan hukumomin da suka gaje ta cikin 1976, ya san in ba a sa hannu a bauca ba kuɗi ba su fita daga baitulmali, ko da mai su ya kwana bakin ƙofa. To, haka abin ya ke a wasanni. Kafin ƙungiya ta fita gasa sai an rubuta sunan kowane ɗan wasa da shekarunsa, an haɗa da takardar haihuwa, an kai shi likita ya duba shi. Sai an tsara wa zai kara da wa, ran nawa ga wata, a wane fili. Sai an nemi mota da masauki, in tafiyar ta ƙetare ce kuma a nemi fasfo da biza kan kari. Akwai kwantiragin 'yan wasa, da inshora saboda karaya ko targaɗe, da kuɗin ƙofa da za a karɓa a ba da tikiti, da neman attajirai ko kamfanoni su ɗauki nauyin gasa don a tallata hajarsu, da sanar da 'yan jarida abin da a ke ciki. Cikin ayyukan nan duka ba wanda ke bukatar ƙwanji. Magatakarda a ke nema, da ma'aji, da mai iya magana da mutane.

Kada wani ya ga kamar ƙaramin aiki ne. Wasannin Olimfik na Tokiyo, waɗanda aka yi cikin 2021 maimakon 2020 saboda annobar korona, sun isa misali. 'Yan Nijeriya goma masu guje-guje da tsalle-tsalle aka hana su shiga gasa bayan sun riga sun shirya. Ba a kama su da shan ƙwaya ba. Dokar duniya ce ta ce, ga ƙasashe irin namu, lalle a gwada kowane ɗan wasa sau uku ba zato ba tsammani cikin wata goma kafin gasa, masu riƙon harkar kuwa ba su cika wannan sharaɗi ba. Cikin mutum goman nan akwai Annette Echikunwoke, gwanar jifan ƙarfe mai igiya wanda a ke kira jifan guduma. Da abin ya ɓata mata rai sai ta koma yi wa Amurka wasa, ta kuwa ciyo wa Amurka lambar azurfa a Faris cikin 2024. A gasar Faris ɗin ma, Favour Ofili ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100, amma da lokaci ya yi sai aka duba ba a shigar da sunanta ba. Wahalar shekara huɗu ta tafi a banza saboda takarda guda da ba a cika ba.

Haka kuma sha'anin kuɗi. Cikin Disamba 2016 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Nijeriya, Super Falcons, ta ci kofin Afirka a Kamaru. Da suka komo Abuja sai suka ƙi barin masaukinsu har kwana da kwanaki, suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, don ba a biya su haƙƙinsu ba. A fili sun gama nasu aiki, a ofis ne aka gaza. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Matan Da Suka Riga Suka Shiga

Wadda ta fi dacewa ma'aikatan ofis su dubi tarihinta ita ce Fatma Samoura, mutuniyar Sanigal. Ba da buga ƙwallo ta yi suna ba. Ta shiga aikin Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 1995, ta yi shekara 21 tana fama da raba kayan agaji da tsara tafiyar motoci da lissafin kuɗi a ƙasashe kamar Kamaru da Cadi da Gini da Madagaska. Ita ce wakiliyar Majalisar a nan Nijeriya sa'ad da aka kira ta cikin 2016, aka naɗa ta Babbar Magatakardar FIFA, watau hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Ita ce mace ta fari da ta riƙe wannan matsayi, ta kuwa riƙe shi har ƙarshen 2023. Abin da ya kai ta can shi ne ta iya ofis.

Lydia Nsekera ta Burundi ta shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasarsu daga 2004 zuwa 2013, kuma cikin 2013 ta zama mace ta fari da aka zaɓa cikin majalisar zartaswa ta FIFA. Isha Johansen ta Saliyo kuwa daga ƙasa ta faro. Bayan yaƙin basasar ƙasarsu ta tattara yaran unguwa masu buga ƙwallo, ta kafa musu kulob cikin 2004 da nufin su riƙa zuwa makaranta. Kulob ya girma, ita ma ta girma da shi, har aka zaɓe ta shugabar hukumar ƙwallon Saliyo cikin 2013, ta riƙe zuwa 2021.

Waɗansu kuma daga fage suka koma ofis. Nawal El Moutawakel, Musulma ce 'yar Maroko, ta ci lambar zinariya a tseren mita 400 mai tsallake shinge a Amurka cikin 1984. Daga baya ta zama ministar wasanni ta ƙasarsu cikin 2007, ta kai har mataimakiyar shugaban Kwamitin Olimfik na Duniya. Shi wannan kwamiti an kafa shi tun 1894, maza tara suka shugabance shi bi da bi, sai cikin Maris 2025 aka zaɓi Kirsty Coventry, gwanar iyo daga Zimbabuwe. Ita ce mace ta fari, kuma ita ce ta fari daga Afirka.

A gida Nijeriya ma ba a bar mu a baya ba. Aisha Falode daga aikin jarida ta fito, aka ba ta shugabancin hukumar gasar ƙwallon mata ta ƙasa cikin 2017, bayanta kuma aka naɗa Nkechi Obi. Wajen horarwa, Florence Omagbemi ce ta ja Super Falcons suka ci kofin 2016 da muka ambata, bayan ta sha cinsa tana 'yar wasa. Rena Wakama ta ja ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata, D'Tigress, ta ci kofin Afirka cikin 2023 da 2025, ta kuma kai su zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a Faris, inda ba wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa. Alƙalancin wasa ma mata sun shiga. Salima Mukansanga ta Ruwanda ta hura usur a gasar kofin Afirka ta maza cikin Janairu 2022, sa'an nan cikin Janairu 2024 Bouchra Karboubi ta Maroko ce ta yi alƙalancin karawar Nijeriya da Gini Bisau.

Abin Da Ya Sa Arewa Ta Fi Kowa Bukata

Mai karatu na iya cewa, to, waɗannan duk mutanen nesa ne, me ya haɗa su da Zuru? Ga abin da ya haɗa su. A ƙasar Zuru akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin al'adar kakanni, amma kan sha'anin 'ya mace bakinsu ɗaya. Ba uban da zai yarda a ɗauki 'yarsa mai shekara goma sha huɗu a mota a tafi da ita Birnin Kebbi ta kwana uku, in ya san duk waɗanda ke tare da ita maza ne. Ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Amma in malamar da ya sani ce ta zo har zaure ta gaishe shi, ta ce ita za ta tafi da yaran, ga sunan makarantar da za su sauka, ɗaki ɗaya za ta kwana da su, ga ranar komowa, ga lambar wayarta, to, magana ta sake. Sau da yawa yarinya mai gudu kamar barewa ta kan ƙare a filin makarantarsu, don kawai ba a sami macen da za a danƙa wa amanarta ba.

Sha'anin tsaro ya daɗa ƙarfafa wannan magana. Cikin Nuwamba 2025 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, cikin ƙasar Danko-Wasagu a Masarautar Zuru, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da 'yan mata. Ko da ya ke Allah ya sa an samo su bayan 'yan kwanaki, tsoron bai fita daga zukatan iyaye ba. A irin wannan hali, tafiya da yara gasa sai mai tsari ƙwarai: a san hanyar da za a bi, a tashi da hantsi a isa kafin la'asar, a sanar da hukuma, a riƙe sunan kowace yarinya da na mahaifinta. Iyaye mata kuma sun fi sakin jiki su faɗa wa 'yar'uwarsu mace abin da ke damunsu, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Akwai kuma maganar sutura, wadda ta daɗe tana hana 'yan matan Musulmi shiga fili. Dokar ta sake. Masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun yarda da rufe kai tun 2014, na ƙwallon kwando suka bi baya cikin 2017, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya ta mata cikin 2023 da hijabinta. Amma doka tana cikin littafi ne. Sai an sami wadda ta karanta ta, wadda za ta sa tela ya ɗinka dogon wando da riga mai dogon hannu, ta tsaya gaban alƙalin wasa ta nuna masa shafin in ya yi gardama, ta kuma shirya a keɓe wa 'yan mata lokacinsu da wurin sake tufafinsu. Har wa yau akwai abin da ba a son faɗi, amma kowa ya san yana faruwa a duniya duka, watau waɗansu marasa tsoron Allah su kan nemi lalata da yara mata da sunan za su sa su cikin ƙungiya. In akwai mace mai iko cikin shugabanni, wadda yarinya za ta iya kai wa ƙara, irin waɗannan mutane sun rasa tsagar bangon da za su shiga.

Ƙwarewar Tana Nan Gida

Kada a ce matanmu ba su saba da irin wannan aiki ba. Uwar adashi ta kan riƙe kuɗin mutum talatin, ta san wanda ya zuba da wanda zai kwasa, ba kwabo da ke ɓata. Uwar biki ta kan ciyar da ɗaruruwan baƙi, ta san gudummawar da kowa ya kawo. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata na majami'u da na matan makarantun Islamiyya suna da shugaba da magatakarda da ma'aji, suna shirya taro da tafiye-tafiye kowace shekara. A al'adar Dakarkari ta dā ma, mata magina ne ke gina tukwanen nan masu siffofi da a ke ɗorawa bisa kaburburan manyan mutane, irin su sarakuna da mafarauta da gwanayen kokawa. Watau tun fil azal aikin hana sunan gwani ɓacewa yana hannun mata. Abin da ya rage shi ne a juya wannan ƙwarewa zuwa littafi da rasit da kwamfuta.

Fagen aikin kuwa ga shi nan a ƙofar gida. Mu dubi maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda jiharsu ta Doso ke iyaka da Kebbi. Cikin 1975 suka fara gasar kokawa ta takobin ƙasa a Tawa. Suka yi mata dokoki rubutattu, da alƙalai, da likita, kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, ana zagayawa da gasar jiha jiha, rediyo da talbijin suna watsawa. Kokawar da a dā ta ke wasan dandali ta zama abin da ƙasa duka ke tsayawa dominsa. A Sanigal abin ya wuce nan, kokawa ta zama babban ciniki, masu shirya gasa suna ƙulla kwantiragi da 'yan kokawa suna cika filayen ƙwallo da 'yan kallo, cikinsu kuwa har da mace, Ndeye Ndiaye, wadda a ke wa laƙabi da Tyson. A cikin jiharmu ma ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro cikin 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya cikin 2016, ana kokawa da dambe da tseren jirage a cikinsa. Kokawar Zuru ba ta gaza ta kowa ba wajen ƙarfi da dabara. In aka samu masu rubuta sunayen gwanaye, da tsara karawa, da neman masu ɗaukar nauyi, da ɗaukar hoto a watsa ta intanet, ba tare da an taɓa hurumin dattawa masu al'ada ba, to, aiki ya samu ga 'yan makaranta, maza da mata.

Hanyar Shiga

Tsanin yana da matakai, kuma matakin farko yana makarantar firamare. Malamar da aka ba shirya wasannin ƙarshen shekara, ta raba yara gida gida, ta rubuta wanda ya zo na ɗaya da na biyu, ta kawo lissafin abin da aka kashe daidai wa daida, ta riga ta fara sana'ar ko ba ta sani ba. Daga nan sai gasar makarantu ta ƙaramar hukuma, a Zuru ko Fakai ko Sakaba ko Danko-Wasagu, sai ta jiha. Gaba da nan akwai gasar matasa ta ƙasa da aka fara cikin 2013, inda a ke tsananta binciken shekarun yara, da babban bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Ikko cikin 1973. Kowace jiha ta kan tafi da ayarinta, kowane ayari kuwa yana bukatar magatakarda da masu kula da 'yan mata.

Wajen karatu, kwalejojin horon malamai suna koyar da ilmin motsa jiki da kiwon lafiya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sashen wannan ilmi har zuwa manyan digiri. A Ikko akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1974, tana koyar da horarwa da riƙon harkar wasanni. Wadda ta karanta lissafin kuɗi ko shari'a ko aikin jarida ko aikin jinya ita ma tana da gurbi, kamar yadda tarihin Fatma Samoura da Aisha Falode ya nuna. Ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru cikin 2020, ɗalibanta mata ba za su rasa bukatar mai shirya musu wasanni ba. Gwamnatin Tarayya ma cikin 2022 ta amince da manufar ɗaukar wasanni a matsayin sana'a da ciniki, cikin 2024 kuma ta mai da riƙonsu hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa.

Ba za mu ɓoye wahalar abin ba. A matakan farko samu kaɗan ne, wani lokaci ma sai mutum ya sa nasa. Akwai bakin mutane, akwai nauyin gida da na 'ya'ya, tafiye-tafiye kuwa sai da yardar miji ko iyaye. Manyan kujeru da zaɓe a ke samunsu, masu jefa ƙuri'a kuma galibinsu maza ne da suka daɗe da sanin juna. Saboda haka shawararmu ga 'yan mata ita ce su riƙe aikin koyarwa ko na ofis da hannu ɗaya, su fara wannan da ɗaya hannun, su tara takardun shaida, su yi suna da tsabtar lissafi. Wadda aka san kuɗi ba su ɓata a hannunta, ko masu ƙinta sai sun neme ta.

Nauyin Da Ke Kanmu

Saura mu. Ku shugabannin makarantu, in za ku naɗa mai kula da wasanni bana, ku naɗa mutum biyu, namiji da mace, kowa da littafinsa. Ku ma'aikatan ƙananan hukumomi, in an kafa kwamitin wasanni ko na bikin al'ada, kada a sa mace don ado ko don rabon abinci kaɗai, a ba ta kujerar magatakarda ko ta ma'aji, a kuma bincike ta kamar yadda a ke binciken kowa. In takardar neman masu zuwa kwas ta iso ofis, kada ta kwana cikin fayil har ranar ta wuce, a manna ta inda malamai mata za su gani. Ku malamai, cikin ajinku akwai yarinyar da kullum ita ke tara kuɗin 'yan'uwanta, ita ke raba su in sun yi faɗa, ita ke tuna muku abin da kuka manta. Ranar wasanni ku ba ta usur da takardar sunaye, ku tsaya ku ga abin da za ta yi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Zuru ta ba Nijeriya sojoji da manoma da 'yan kokawa waɗanda ba a manta su ba. Ba mu ga abin da zai hana ta ba da mata masu riƙon harkar wasanni ba, in dai an buɗe musu matakin farko. Allah ya ba ƙasar zaman lafiya, ya sa mu ga haka da idonmu, amin.